Lakar da Ta Maƙale a Katanga

Da sanyin safiyar wata Asabar ta tsakiyar damina aka tarar da ragunan Alhaji Salmanu a mace. Ragunan layya ne da ya daɗe yana kiwo a wani fili mai katanga a bayan gidansa da ke Tudun Wada. Duk suna kwance a kewayen kwamin ruwa, ciki a kumbure, kumfa a baki. A gefen kwamin ga wasu ƙananan farantan gilashi masu murfi, wasu a fashe, da wani abu mai yauƙi a cikinsu, kore da rawaya.

Babu wanda bai san inda ake samun irin waɗannan farantai ba a layin. Katanga ɗaya ce ta raba filin da gidan marigayi Malam Kailani, inda 'yarsa Dakta Bahijja ta mayar da ɗakunan baya wurin gwaje-gwaje bayan ta ajiye koyarwa a jami'a. Aikinta shi ne tono ƙasa daga gonaki, ta ware wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a saiwar waken suya suna ciyar da shi, ta raya su, ta ba manoma su cuɗa da iri. Mutanen unguwa ba su taɓa gamsuwa da wannan bayani ba. Abin da suka riƙe shi ne, a gidan nan ana kiwon ƙwayoyin cuta, kuma mai taya ta kiwon wata 'yar ƙabila ce mai suna Josephine Onuora.

Kafin hantsi ƙofar gidan ta cika. Wani ya jefa dutse ya fasa gilashin taga. Wani ya ce yau raguna ne, gobe yara.

Bahijja ta fito ta tsaya a bakin zaure, da farar rigar aiki a kan hijabinta.

"Ku miƙo mana ita," in ji wani daga baya.

"Babu wanda zan miƙa," ta ce. "Wanda yake da hujja ya shigo shi kaɗai ya faɗa mini. Mai dutse kuma ya sani na san fuskar uban kowa a nan."

Ana cikin haka Mai Unguwa ya iso, tare da wani dogon mutum baƙi mai furfura a gemu. Sunansa Nagoda. Ya yi farauta tun yana saurayi, da ƙarfi ya fara ja baya ya dawo gari yana bi wa 'yan sintirin unguwa sawun ɓarayi. An san shi da abu biyu: ba ya sauri, kuma ba a sa masa magana a baki.

"Kowa ya koma gida," in ji Mai Unguwa. "Nagoda zai duba."

*

Filin ragunan ya riga ya zama kamar an tashi kasuwa. Duk wanda ya ji labari ya shigo ya taka, babu sawun da zai karantu. An kwashe gawarwakin an binne, bayan likitan dabbobi ya duba ya ce sun sha wani abu a ruwa, amma ba zai iya cewa ko mene ne ba.

Muntaka, ƙanin Alhaji Salmanu, shi ke kula da ragunan, shi ke kula da gonar gidan. Yana zaune a kan turmi da silifa a ƙafa, ya haɗa kai da gwiwa.

"Kai ka fara ganinsu?" Nagoda ya tambaye shi.

"Ni ne, Baba. Bayan sallar asuba."

"Jiya fa?"

"Na ba su dusa da la'asar na tafi gona, sai magariba na dawo. Ruwan nan da aka tafka ya hana ni leƙo su."

"Wa ya zubar da ruwan kwamin?"

"Ni. Tsoro na ji kada kaji su sha."

Nagoda ya shiga 'yar rumfar kwano da ke manne da kwamin, inda ake ajiye dusa da harawa. Rufin ya ɓule a gefe ɗaya. An share ƙasan tas, amma a kusurwa ya ga inda ƙasa ta lotsa, alamar wani abu mai nauyi ya daɗe a wurin. Ya ɗaga kai ya dubi ɓulin rufin.

Daga nan ya bi gindin katanga a hankali, kansa a sama maimakon ƙasa. A wajen tsakiya ya tsaya, ya jawo bulo ya taka. A kan katangar akwai dunƙulen laka kamar rabin tafin hannu, an danne shi, zanen gindin takalmin ruwa ya fito a jikinsa raɗau. Baƙa ce, mai danƙo. Ƙasar Tudun Wada ja ce. Ya ɓanɓare ta da bakin wuƙa ba tare da ya fasa ba, ya naɗe a sabuwar leda ya sa a aljihu.

*

Inna Talatu mai ƙosai a bakin layi ba ta jira an tambaye ta ba.

"Da idona na gan ta, Malam Nagoda. Gab da magariba ta fito da bokiti mai murfi, tana waige-waige."

"Wane gefe ta bi?"

"Ta yi wajen bola."

"Filin Alhaji ai ba ta wajen bola yake ba."

"To, ni dai na ga bokiti."

"Jiya kaɗai kika taɓa ganinta da shi?"

Inna Talatu ta juya ƙosai a cikin mai. "Kullum ma tana fitowa da shi. Amma na jiya daban ne."

"Ta ina ya bambanta?"

"Ai ka ga abin da ya faru."

Josephine ba ta jira shi a ɓoye ba. Ya same ta tana share gilashin tagar da aka fasa. Mace ce gajeriya mai kaifin ido, haifaffiyar Sabon Gari, Hausarta ba ta da gargada ko kaɗan.

"Zo ka gani, Baba," ta ce, ta kai shi bayan gida. Bokitai biyu ne a jikin katanga, ja da shuɗi. "Duk farantin da ya lalace, wato fumfuna ta hau shi ko wata ƙwayar da ba mu nema ba, a jan nan nake sa shi. In ya taru na dafa a tukunyar turiri, komai ya mutu, na juye a shuɗin na kai bola. Jiya na bar jan rabi. Yau ga shi."

Babu komai a ciki.

"Abin da ke cikin farantan zai kashe rago?"

"Ko akuya ta lashe shi duka, iyakarta zawo. Irin fumfunar da ke fitowa a burodi ce."

"Mutane sun ce ke kika zuba."

"Mutane sun ce. A nan aka haife ni, a nan aka binne mahaifina. In na gudu yau, na amsa laifin ke nan. Ba inda za ni."

*

Akwai mutum ɗaya da kowa ya san ba ya ga maciji da Bahijja, shi ne Zulkiflu mai shagon takin zamani a bakin titi. Ya sha faɗa a majalisa cewa matar nan za ta kashe wa mutane gonaki da ruwan kwalba. In ana neman wanda zai so a kore ta daga unguwar, shi ne na farko.

Nagoda ya same shi a kan benci, ƙafar dama miƙe a kan buhu, an ɗaure ta da karare.

"Acaɓa ce ta kayar da ni a Kongo, mako na uku ke nan," in ji Zulkiflu. "Ko bayi sai an riƙe ni. Na san abin da ya kawo ka. Ba na son sana'arta, kuma gobe ma zan faɗa. Amma ni in kashe dabbar da aka yi wa niyyar layya? Alhaji Salmanu ma abokin cinikina ne. Farkon damina ya sayi takin yuriya a nan, ya ce na gonar waken suya ne."

Nagoda ya dubi ƙafar. Ta kumbura har yatsu. Wannan ba ta hau katanga ba.

Da yamma Mai Unguwa ya kira shi zaurensa, ya sa aka kira Bahijja ma.

"Dakta, ke 'yarmu ce," ya ce. "Mahaifinki ya yi mana limanci. Ba wanda ke son a taɓa ki. Ki sallami yarinyar nan, ki rufe ɗakin na ɗan lokaci, ƙura ta lafa. Kai kuma Nagoda, ka ce sakaci ne na ma'aikaciya, a wuce wurin."

"Ranka ya daɗe, ban ga sakacinta ba," in ji Nagoda. "Abin da ban gani ba, ba zan ce na gani ba."

"Ana zancen zaman lafiya."

"Zaman lafiyar da za a gina a kan wuyan baiwar Allah, ni ba na ciki."

Bahijja ta ce, "Ni ma, ranka ya daɗe, ba zan sallame ta ba, ba zan rufe ba. In an ƙona ɗakin, da ni a ciki za a ƙona."

Mai Unguwa ya ce zai riƙe matasa zuwa Juma'a mai zuwa. Bayan nan ba ya da iko da kowa.

*

A hanya Nagoda ya fito da ledar ya nuna wa Bahijja.

"Wanda ya ɗauki farantanki ta kan katanga ya shigo, kuma daga fadama ya taho. Amma fadamun da ke kewaye da Zariya, in na ce zan bi su ɗaya bayan ɗaya, sai Sallah ta wuce ban gama ba. Iyakar abin da idona ya iya ke nan."

Ta karɓi ledar ta ɗaga ta a haske. "Ka ba ni ita."

"Me za ki gani a ciki?"

"Wataƙila babu. Wataƙila kuma ta gaya mana gonar da ta fito."

Washegari Nagoda ya zauna a kan kujera a bakin ƙofar ɗakin gwajin yana kallo. Bahijja ta sa aka buɗe ƙofar zaure da ta tsakar gida duka, ta ce duk mai son ganin abin da ake kiwo ya leƙo. Josephine ta goge tebur da barasar asibiti, ta kunna 'yar fitila mai shuɗiyar wuta. Bahijja ta gasa wuƙa, ta raba dunƙulen biyu, ta ɗebo daga can tsakiya inda bai taɓa katanga ko leda ba. Ta kaɗa a kwalbar dafaffen ruwa, ta ɗebi ɗan kaɗan ta zuba a wata kwalbar, daga ita ma ta ɗiba zuwa wata, har ruwan ya koma garau kamar ba a sa komai ba. Daga na ƙarshen ta ɗiga a kan farantai masu wani abu ja a daskare, kamar kunun da ya kwana.

"Ƙasa cike take da rai, Baba Nagoda," ta ce. "A ɗan abin da na ɗiba akwai iri-iri da ba su ƙirguwa. Shi ya sa nake tsinka su da ruwa, don su rarrabu. Wadda nake nema guda ce. Ita ce wadda nake ba manoma. Na horar da ita ta jure wani magani da ke kashe 'yan uwanta, kuma na sa maganin a cikin abincin nan. Sannan ba ta shan ja. Sauran in sun tsiro sai su yi ja, ita kuwa fara take fitowa kamar ɗigon madara."

"In ta fito fa?"

"Gonaki uku kaɗai na kai ta bana."

"Na su wa?"

"Ba zan faɗa ba sai na gani. Abin da ake yi mana ke nan, a ɗora wa mutum laifi da zato. Ba zan yi wa wani ba."

Ta jera farantan a akwatin ɗumi ta rufe. Ta ce matsalar ita ce tata ƙwayar nawa gare ta, ba ta nuna kanta da wuri. Masu sauri su ne 'yan ɓata wuri.

Haka kuwa aka yi. Da aka buɗe akwatin ranar Talata, farantan sun zama daji. Fumfuna ta shimfiɗu kamar auduga a kan wasu, wata ƙwaya mai yaɗo ta mamaye wasu daga baki zuwa baki. A ranar ne kuma aka wayi gari an yanke wayar lantarkin gidan daga kan turke. Josephine ta dafa ruwa ta cika robobi, ta naɗe su da tawul ta jera a cikin akwatin, in sun huce ta sake.

Bahijja ta ɗauki faranti ɗaya da bai gama lalacewa ba, ta kai shi bakin taga. A wani ɗan lungu da fumfunar ba ta kai ba akwai ɗigo ƙanana kamar kan allura. Ta gasa wata siririyar waya mai zobe a baki har ta yi ja, ta bari ta huce, ta taɓa ɗigo ɗaya, ta ja layi-layi a sabon faranti. Ta sake gasa wayar, ta ja daga ƙarshen layin farko zuwa wani gefe, ta sake, har layin ƙarshe ya zama kusan babu komai a kai. Ta yi wa kowane ɗigo haka, kowanne da farantinsa.

Matasa biyu suka leƙo daga zaure suna toshe hanci. Josephine ta ɗaga musu faranti. "Ku shigo mana. Ba ya cizo." Suka juya.

Ranar Alhamis da rana wasu farantan suka yi ja, wasu fumfunar ta biyo su. Biyu suka fito da fararen ɗigo masu sheƙi, kowanne zaune shi kaɗai, babu ja ko kaɗan. Bahijja ta ɗauko farantin uwar ƙwayar da take ajiye da ita, ta ajiye a gefensu. Ta shafa a gilashi ta duba a madubin ƙara girma, ta ba Josephine ta duba. Sannan ta zauna.

"Ita ce," ta ce. "Gona biyu jigawa ne, can hanyar Soba, ƙasarsu fara. Ta ukun ce kaɗai fadama."

Ta faɗi sunan mai gonar. Nagoda ya miƙe ya ɗauki sandarsa, ya tare keke mai ƙafa uku a bakin titi. Bai dawo ba sai gab da magariba, da laka har gwiwa da tushen waken suya a hannu.

*

Bayan an sauko daga Juma'a aka taru a zauren Mai Unguwa. Alhaji Salmanu yana kusa da shi, Muntaka a bayan yayansa. An kawo Zulkiflu a keke mai ƙafa uku an jingina shi da bango. Bahijja da Josephine suna gefe ɗaya a kan tabarma. A waje kuwa layin ya cika.

Nagoda ya ajiye rabin dunƙulen lakar a tsakiya.

"A kan katanga na samo wannan. Bakin takalmin yana kallon gidan Dakta, wato mai shi daga filin Alhaji ya hau, zai shiga. Josephine tana da makulli, ba ta bukatar katanga. Zulkiflu kuwa ga ƙafarsa."

"To wane ne?" in ji Alhaji.

"Dakta za ta yi magana tukuna."

Bahijja ta buɗe kwali ta fito da farantai biyu, ta bayyana yadda ta ware ƙwayar daga lakar, da yadda ta gane tata ce.

Muntaka ya yi dariya. "Ƙwayarta a kan katangarta, wannan shi ne abin mamaki?"

"Daga tsakiyar lakar na ɗiba," ta ce. "Kuma ka ji Baba Nagoda, mai takalmin bai riga ya taka gidana ba lokacin da ta maƙale. Da ita ya zo."

Nagoda ya juya ga Alhaji. "Alhaji, me aka sa wa gonarka ta waken suya bana?"

"Yuriya. A wurin Zulkiflu na saya, Muntaka ya kai."

"Ka je gonar?"

"Ƙafata ba ta kai ni fadama da damina. Amma an ce ta yi kyau."

"Ta yi kyau ƙwarai, jiya na je." Ya ajiye tushen waken a kan tabarma, saiwar cike da ƙulle-ƙulle kamar an jera duwatsun wuya. "Sawun takalmin nan yana ko'ina a kunyoyin. Dakta, wa ya karɓi ƙwayarki ya kai fadamar Alhaji?"

"Muntaka. Kafin shuka ya zo, ya roƙe ni kada Alhaji ya ji, wai ba ya son kayan boko a gonarsa. Da hannuna na cuɗa masa irin. Na gaya masa in ya sa wannan ba sai ya sa yuriya ba. Na riƙe masa amana har yau."

Alhaji ya juya gaba ɗaya ya dubi ƙaninsa.

"Saura tambaya ɗaya," in ji Nagoda. "In takin bai je gona ba, ina ya kwana? A rumfar ragunan na ga inda buhuna suka daɗe a jibge, daidai ƙarƙashin inda rufi ya ɓule, daidai saman kwami. An tafka ruwa ranar Juma'ar da ta wuce. Zulkiflu, in yuriya ta narke a ruwa rago ya sha fa?"

"Ba ya kai awa," in ji Zulkiflu a hankali. "Ciki ya kumbura, kumfa a baki. Kullum sai na gargaɗi masu saye."

"Da magariba mutum ya dawo daga gona da takalmin ruwa a ƙafa, ya tarar da abin da ya faru. Ya kwashe buhunan, ya share rumfa, ya haura katanga ya ɗebo farantai. Da safe ya kira jama'a."

"Muntaka," in ji Alhaji. "Ina takin?"

Muntaka ya kau da kai.

"Da kai nake."

"Yaya, ajiyewa na yi. Na ce in farashi ya tashi... Wallahi ban san rufin yana yoyo ba."

"Raguna ƙaddara ce, wannan na yarda," in ji Alhaji. "Farantan fa? Su ma ruwa ne ya kawo su?"

Muntaka ya sunkuyar da kai.

*

Mai Unguwa ya yi gyaran murya. Ya ce alhamdulillahi, gaskiya ta fito, kuma magana ce ta cikin gida. Shi zai fita ya gaya wa jama'a ruwan sama ne ya wanko wani abu cikin kwami, babu hannun kowa, kowa ya yi haƙuri. Ta haka an rufa wa gidan Alhaji asiri, su Dakta kuma sun fita.

"Ba mu fita ba, ranka ya daɗe," in ji Josephine. Shi ne karo na farko da ta yi magana a zauren. "In aka ce wani abu, kowa zai tafi gida da abin da ke ransa. A bainar jama'a aka kira ni mai kisa. Ba a ɗaki za a wanke ni ba."

"Yarinya, a yi sassauci."

"Da an samu fetur ranar Asabar, wa zai yi mana sassauci?" in ji Bahijja. "Ba na neman a kai Muntaka wurin 'yan sanda, wannan tsakaninsa da yayansa ne. Amma sai an faɗi abin da ya faru, da sunan wanda ya yi."

Mai Unguwa ya dubi Nagoda, kamar mai neman agaji.

"Duk wanda ya tambaye ni, zan faɗi abin da na gani," in ji Nagoda. "Gara su ji daga bakin manya."

Alhaji Salmanu ya dafa bango ya miƙe. Ya gyara babbar rigarsa, ya kamo hannun Muntaka kamar yadda ake kama yaro, ya ja shi zuwa ƙofa. Bai ɗaga murya ba, amma layin ya yi shiru har na can ƙarshe suka ji. Ya faɗi zancen takin, da rufin, da farantan. Ya ce daga gidansa ɓarnar ta fito, daga gidansa ƙaryar ta fito. Ya ce shi zai gyara taga, shi zai mayar da wayar wuta, kuma duk wanda ya sake nuna Josephine da yatsa, da shi yake.

Ba wanda ya yi tafi, ba wanda ya yi kabbara. Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, kowa yana kallon ƙasa. Wani tsoho mai gyaran agogo ne kaɗai ya matso, ya ce wa Josephine, "Ki yafe mana, 'yata. Har da ni a masu faɗa." Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Ta ratsa ta tsakiyar waɗanda suka rage, ba ta kauce wa kowa ba, su suka riƙa ba ta hanya. A ƙofar gida ta tsaya ta miƙa wa Bahijja hannu.

"Makullin akwatin ɗumi, Dakta. Ƙwayoyin manoman Soba suna jira tun wancan makon. In ba a sauya musu faranti yau ba, gobe sai mun faro daga ƙasa."